Badagry, Elmina, Zanzibar ko Jidda: wane tsohon garin bakin teku ya dace da Bakano?

Ƙanina ne ya jawo ni cikin wannan magana. Ya kwashi adashen gurin aikinsu, an kuma ba shi hutun sati biyu, sai ga shi ƙofar gida bayan la'asar da waya a hannu. Ya ce, "Yaya, ni fa ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba. Teku nake so in gani, amma a garin da yake da tarihi, ba in je in zauna kan yashi kawai ba." Matarsa ta kafe a kan Zanzibar saboda hotunan da take gani a Instagram. Abokinsa ya ce Gana. Hajiyarmu kuwa da ta ji zancen cewa ta yi, in dai kuɗin jirgi za a kashe, a je a yi Umara, ai Jidda ma bakin teku ce. Ni na ƙara masa da Badagry, wadda ko fasfo ba ta nema.

Allah ya sa na taka guraren nan huɗu a lokuta daban-daban, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gaya masa, ko wani mai irin wannan ruɗani zai amfana.

Abin da za a auna

Hoto ba ya yanke hukunci a wannan sha'ani, takarda ce take yankewa. Don haka tambaya ta farko: me za a nema a hannunka kafin a bar ka ka shiga? Ta biyu kuɗi, kuma ba yawansu kaɗai ba, har da irinsu. Tafiyar da za a biya da naira daban, wadda sai ka bi ta Wapa ka sayi dala daban. Kuɗin tikiti kuwa motsi yake kamar farashin tumatir a 'Yan Kaba, saboda haka abin da zan jera shi ne wace tafiya ta fi wace tsada da kuma inda kuɗin yake zurarewa.

Sai hanya daga Kano, sai abin da nake kira auki: kwana nawa garin zai riƙe ka kafin ka fara duba agogo, kuma gine-ginen da ka je dominsu suna tsaye da ƙafarsu ko kuwa sai dai a nuna maka fili a ce a nan abu kaza yake a da? Sai abinci da sallah, wanda duk mai tafiya da iyali ya san ba ƙaramin abu ba ne. Na ƙarshe hatsari.

Badagry

Tana yammacin jihar Legas, dab da iyakar Seme. Katin shaidarka ya isa, kuma komai da naira. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas kimanin sa'a ɗaya da rabi ne, ko kuma ka hau doguwar mota a Sabon Gari ka kwana a hanya. Wahalar tana tsakanin Legas da Badagry ɗin. Hanyar da ta bi ta Mile 2 ta wuce Alaba Rago an daɗe ana aikinta, kuma cunkoso na iya cinye maka rabin yini. Ka fita da asuba.

Abin da ya sa nake ganin Bakano yana da haƙƙi a garin nan shi ne, daga nan Hugh Clapperton ya kamo hanya a ƙarshen 1825, bai iso Kano ba sai watan Yulin 1826, ya wuce Sakkwato inda ya rasu a 1827. Wata bakwai ke nan a kan tazarar da yau ake yi kafin shayi ya gama narkewa a ciki. Cikin ayarinsa akwai wani Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An taɓa sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya dawo ƙasar Hausa a matsayin tafinta. Ba shi kaɗai ba ne. Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 ta wannan gaɓa aka fitar da su zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda tun 1807 mahukunta suka fara kuka da yunƙurin boren bayi Hausawa.

A cikin gari akwai benen da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan suka gama a 1845 (mu da muka san soraye da benayen ƙasa na birni muna da ja a kan wannan, amma a bar kaza cikin gashinta). Akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o na 1863, da ɗakin kayan tarihin gidan Mobee inda za a ba ka sarƙar wuya ka ɗaga da hannunka ka ji nauyinta. Gurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa bawa ne a da, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya zama Sarkin Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ɗakunan da yake tsare mutane ƙanana ne, tagarsu ba ta fi tafin hannu biyu ba. Da mai yi mana bayani ya ambaci sarautarsa, sai na ji kunya ta kama ni, don na tuna ita ma kasuwar Kurmi tana da nata ɓangaren da aka yi wannan ciniki.

Daga nan a tsallaka da kwalekwale mai inji zuwa tsibirin Gberefu, a taka yashi kusan rabin sa'a, a wuce rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi don su manta gida, a ɓulla bakin babban teku.

Aukinta kaɗan ne. Yini ɗaya ya gama ta, biyu in ka ja. Kulawar da ake yi wa kayan ba ta kai darajarsu ba, wasu guraren a hannun iyalai suke, kowane ƙofa da ɗan kuɗinta. Abinci da masallaci ba matsala, 'yan'uwanmu suna nan birjik saboda harkar iyaka. Hatsarin yana kan titi da cikin kwalekwale: kada ka shiga ba rigar kariya, ko da matuƙin ya ce minti biyar ne.

Elmina da Cape Coast

A nan zan daɗe, don nan zuciyata ta fi karkata.

Garuruwa biyu ne a gaɓar Gana, tsakaninsu bai wuce kilomita 12 ko 13 ba, don haka tafiya ɗaya ce. Biza babu, saboda yarjejeniyar Ecowas ta ba ka kwana 90. Fasfo da katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, su ne abin nema. Ta sama sai ka bi ta Legas ko Abuja, daga Legas zuwa Akra (tsofaffin fatakenmu Ankara suke ce mata) kusan sa'a ɗaya. Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 145, a ƙiyasta sa'a uku, fiye in an makale a fitar gari. Ta ƙasa kuwa ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai iyaka uku za ka tsallaka: Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao. A ɗaya daga cikinsu wani mai kaki ya taɓa juya fasfona ya ce sabo ne fil, ba a taɓa buga masa hatimi ba, don haka sai na "buɗe" shi. Na buɗe. Wanda zai bi ƙasa ya hau motar kamfani mai zuwa Akra kai tsaye, su suke tattara fasfo su yi wa fasinja wannan fama.

Ganuwar Elmina, wato katafaren gidan tsaro na bakin teku, 'yan Fotugal suka gina a 1482, wato zamanin da Muhammadu Rumfa yake sarautar Kano. Ka riƙe wannan a ranka in ka tsaya a tsakar gidan: sa'ar Gidan Rumfa ce. Zinare suka zo nema da farko, daga baya ɗakunan ajiyar kaya suka koma na ajiyar mutane. 'Yan Holan suka ƙwace ta a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. A nan suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin su kai shi gudun hijira. Ta Cape Coast kuwa 'yan Suwidin suka fara ta a 1653, ta faɗa hannun Ingilishi bayan shekara goma sha ɗaya, ta zama hedikwatarsu har 1877 da suka koma Akra. Unesco ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1979, kuma Obama ya ziyarci ta Cape Coast a 2009.

Gani ya kori ji. A Cape Coast ana gangarawa da kai kurkukun maza ta wata hanya mai santsi, mai bayani ya kashe fitila na ɗan lokaci. Duhun da zafin da warin gumi na dutse ba sa faɗuwa. Ya nuna mana ƙasan da muke takawa ya ce ba daɓe ba ne, dattin jikin mutane ne da ya taru ya daskare. Daidai saman wannan kurkuku cocin Turawan yake. A Elmina akwai tsakar gidan mata, da barandar da gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda za a hau masa da ita, da wata ƙofa siririya da sai ka karkace kafaɗa kafin ka leƙa teku. Wata dattijuwa daga Amurka da ke cikin rukuninmu ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, ba wanda ya ce mata ta tashi.

Amma garin ba makoki ba ne kaɗai. Kana fitowa daga ganuwar Elmina za ka faɗa cikin hayaniyar masunta, ɗaruruwan jiragen katako masu fenti da tutoci a bakin gada, mata na ƙyafe kifi. Ranar Talata ba a fita su a Elmina, don haka in hayaniyar kake so ka kauce mata. Ka hau tudun da ƙaramar ganuwar St Jago take, ka ga garin gaba ɗaya. Kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai dajin Kakum mai gadojin igiya bakwai da aka ɗaure a saman bishiyoyi. Mai jin jiri ya haƙura.

Abin da yake ba Bakano mamaki shi ne yadda Hausa take aiki a can. Cinikin goro na Gwanja da Salaga ya kai kakanninmu, sannan Ingilishi suka kwashi Hausawa soja da 'yan sanda, har suka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 da su. Zuriyarsu ce take zango-zango. Wajen kasuwar Kotokuraba a Cape Coast na yi sallama da Hausa aka amsa mini, aka nuna mini masallaci. Da safe akwai koko da ƙosai, su ma sunan da suke kira ke nan, da rana akwai wake da shinkafa da suka mayar "waakye". Hausarsu ba ta damu da namiji da mace ba, za ka ji an ce "matata ya zo", kada ka yi dariya a gabansu. A wajen zango ka riƙa tambaya kafin ka ci nama, don ana cin alade, giya kuma a fili take. Kifi da dokunu ba su da shubuha.

Kuɗi matsakaici ne. Sidi ake kashewa, kuɗin shiga ganuwa na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, masauki akwai na kowane aljihu. Auki kwana uku zuwa huɗu, in ka haɗa da Nima da Sabon Zango a Akra ya kai sati. Gine-ginen a tsaye suke, ana kula da su, bayanin kuma a tsare yake. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Mayu da Yuni. Babban hatsari tekun ne da kansa: igiyar wannan gaɓa tana ja ta ƙasa, tana cin ƙwararru ma, balle wanda iyakar iyonsa kududdufin unguwa. Ka tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba.

Zanzibar

Kyau kam babu wanda ya kama ƙafarta a cikin huɗun. Tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya, tsohon garin kuma, wanda ake kira Stone Town, yana cikin jerin Unesco tun 2000. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, kamar ka ɗauki cikin birni wajen Kurmi ka mayar da ginin na dutsen murjani mai hawa uku, ka sa wa kowane gida ƙofar katako mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Larabawan Oman suka kori 'yan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17 suka gina tsohuwar ganuwa. Wajen 1840 Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat, kanumfari da hauren giwa da bayi suka yi wa garin arziki. An rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina coci a gurin. A nan aka yi yaƙin da ake cewa ya fi kowane gajarta, ranar 27 ga Agustan 1896, da Ingilishi suka yi wa fada ruwan igwa ƙasa da sa'a ɗaya. A 1964 aka kifar da sarautar, aka haɗe da Tanganyika.

Ta fuskar addini hankali kwance. Mafi yawan mutanen Musulmi ne, kiran sallah ta ko'ina, abinci halal ba sai ka tambaya ba. Yawancinsu Shafi'awa ne, amma akwai masallatan Ibadawa, waɗanda suke sakin hannu a sallah kamar dattawanmu. Sawahili kuma zai riƙa yi maka kama da wani abu da ka sani: sabuni, dunia, asubuhi, alhamisi, kalamu. Sai dai a kula da agogonsu. Daga fitowar rana suke fara ƙirga, don haka "saa moja", sa'a ta ɗaya, ƙarfe bakwai ne. Na taɓa shirya da mai kwalekwale a kan "biyu", na zo bayan azahar, ashe tun takwas na safe ya gaji da jira ya tafi.

Matar ƙanina ba ta yi kuskure ba da ta so gurin. Gonakin kayan ƙamshi kaɗai sun isa dalili ga mace mai girki: kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi, waɗanda muka saba gani a bushe a faranti, ga su ɗanye a jikin bishiya. Da magariba ana cin kasuwar abinci a lambun Forodhani, ruwan rake da citta da lemon tsami, yara na tsalle cikin teku. Kifin da aka jera a can ba duka ne na ranar ba, ka sa a gasa a gabanka.

Matsalarta biyu: takarda da dala. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma a nema ta intanet tun da sauran makonni, a ga amincewa a hannu kafin a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin ta dala 44, ko da yana da wata. Akwai harajin kwana a otal, kuma kusan duk abin da aka tanada don baƙi da dala ake yi masa kuɗi. Hanya ta Adis Ababa ce ko Nairobi, yini guda cur da jiran canjin jirgi. Wanda ya sauka a Darussalam zai hau jirgin ruwa na sa'a biyu, kuma ya hau na zamani mai sauri, don a 2011 da 2012 jirage biyu sun nutse a ruwan nan da ɗimbin mutane.

Auki mai yawa ne, kwana biyar zuwa bakwai ba gundura. Amma gine-ginen suna jin jiki. Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883 wanda shi ne fuskar garin, wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020. 'Yan ka-yi-na-yi masu bin baƙo, waɗanda mutanen garin ke kira papasi, wato kaska, za su dame ka. Sannan rairayin arewa irin su Nungwi cike suke da Turawa da shigar wanka, wanda ba kowane magidanci ne zai so ya zauna da iyalinsa a ciki ba. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi. A azumi gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana. Lokacin zaɓe ma a ɗaga tafiyar.

Jidda

Abin haushi, Kanawa nawa ne suka sauka a Jidda sau biyar, sau goma, ba su taɓa shiga tsohon garin ba? Daga filin jirgi sai Makka, a dawowa sai Bab Sharif sayen tsaraba, alhali Al-Balad, wato tsohon garin, tana nan kusa.

Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen Makka a shekara ta 26 bayan hijira. An kewaye ta da ganuwa a farkon ƙarni na 16 don tsoron 'yan Fotugal, aka rushe ganuwar a 1947. Unesco ta karɓe ta a 2014. Gidajen dogaye ne na dutsen murjani, da tagogin katako masu ɓullowa waje da ake kira rawashin, waɗanda suke shigo da iska su kuma tsare mata daga idon titi. Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi garin a 1925. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiya da ake cewa a da ita kaɗai ce a garin. Na matsa kusa na murza ganyen: darbejiya ce, irin ta ƙofar gidanmu. Akwai masallacin Shafi'i, da kasuwar Alawi, da Bab Makka, da maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u. Ta wannan gaɓa kakanninmu da suka taka ƙasa ta Chadi da Sudan suka tsallako daga Sawakin, wasu bayan shekaru a hanya, wasu ba su koma ba. Unguwannin da Takari suka fi zama an rushe da yawansu daga ƙarshen 2021, amma har yanzu za ka ji Hausa a kasuwa.

Hanya ita ce mafi sauƙi cikin na waje, don ana samun jirgi kai tsaye daga Kano, kuma bizar Umara yanzu tana ba da damar zagaya garuruwan ƙasar. Yawo cikin Al-Balad kyauta ne. Tsadar tana cikin kujerar Umarar, kuma riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace ɗaya, don haka duk faɗuwar naira a jikinka take. Auki yamma ɗaya ko biyu. Da rana zafi da gumi ba sa bari, shagunan ma sai bayan la'asar suke farkawa. Gyaran da ake yi ya ceto gidaje da yawa, ya kuma rage wa wasu lungunan rai, sun koma gidajen shayi na masu ɗaukar hoto. Hatsarin a nan na doka ne: kada ka wuce wa'adin biza, kada ka ɗauki mutane hoto ba izini, kada ka riƙe wa kowa jaka ko ƙunshi tun daga filin jirgin Kano, don hukuncin ƙwaya a can kisa ne.

| | Badagry | Elmina da Cape Coast | Zanzibar | Jidda |
|---|---|---|---|---|
| Takardu | katin shaida | fasfo, yalo kad | fasfo, biza, yalo kad, inshora | fasfo, bizar Umara, rigakafi |
| Kuɗi | mafi araha, naira | matsakaici, sidi | mai tsada, dala | mai tsada, riyal |
| Hanya | jirgi ko mota, sai cunkoso | jirgi biyu, ko iyaka uku | yini guda da canjin jirgi | jirgi kai tsaye |
| Auki | kwana 1 zuwa 2 | kwana 3 zuwa 4 | kwana 5 zuwa 7 | yamma 1 ko 2 |
| Halin gine-gine | kulawa kaɗan | a tsaye, a tsare | kyau, amma sun tsufa | ana ta gyara |
| Abinci da sallah | ba matsala | sai a zango ko da tambaya | ba matsala | ba matsala |
| Hatsari | titi, kwalekwale | igiyar teku, iyaka | jinkirin biza, jirgin ruwa | doka, zafi |

Wa ya dace da ina

Ɗalibi, ko malamin da zai kai ɗalibai, ko ɗan kasuwar da dama yana zuwa Legas sari, Badagry ce tasa. Ya ƙara kwana ɗaya a kan tafiyar da zai yi ko da ma. Amma ban ga dalilin da mutum zai taso takanas daga Kano, ya biya jirgi zuwa da dawowa, don Badagry kaɗai ba.

Wanda ya riga ya yi niyyar Umara, ko zai raka iyaye, ya ware yamma ɗaya kafin jirgin dawowa ya shiga Al-Balad. Tsofaffi za su iya, ƙasa a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara. Biyan kujera don ganin tsohon garin kaɗai kuwa, wannan ba lissafi ba ne.

Ango da amarya, ko wanda kuɗinsa suka zauna kuma yana da wata biyu na shiri kafin hutu, Zanzibar. Haka mai son hutawa fiye da karatun tarihi. Su kwana a cikin tsohon gari, su riƙa fita rairayi da rana suna dawowa.

Wanda wannan ce fitarsa ta farko daga Najeriya, hutunsa ƙayyadadde, kuɗinsa na adashe ne ba na gado ba, kuma da gaske tarihin yake so, Gana. Babu jiran biza, akwai wanda zai amsa masa da Hausa in ya ɓata, kuma abin da zai gani ya fi na Badagry girma ninki ba adadi. Yara 'yan ƙasa da shekara goma dai a bar su waje lokacin shiga kurkukun.

Haka na gaya wa ƙanina. Ya yi shiru yana lissafi a waya, sannan ya ce, "To Yaya, ita kuma wa zai gaya mata?" Na ce wannan ba ya cikin abin da na ɗauka. Da na leƙa gidansu ranar Juma'a na tarar fasfo biyu a kan tebur, sun dawo daga karɓar yalo kad, tana tambayata ko gaskiya ne atamfa ta fi araha a kasuwar Makola ta Akra.